Wane Kaya Zan Saya In Haɗa Kwamfutar Wasa Da Kuɗi Kaɗan?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Kano ya rubuto cewa ya tara 'yan kuɗi yana son ya haɗa kwamfutar tebur domin buga wasan ƙwallo na EA Sports FC da GTA V da Call of Duty. Ya ce an ba shi shawara ya nemi firosesar Core i7 ta kamfanin Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi, ko ta halin ƙaƙa, domin ita ce mai ƙarfi. Yana so ya san kayan da ya kamata su ci mafi yawan kuɗinsa, da kuma inda zai iya tsuke hannu ba tare da ya cuci kansa ba.

Amsa: Ɗan'uwa, shawarar da aka ba ka game da Core i7 ita ce abu na farko da nake so ka ajiye a gefe, domin sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai an haɗa shi da zamanin da aka ƙera firosesar. Core i7-3770 ta fito ne a 2012 da cibiyoyin aiki huɗu, ita kuwa Core i3-12100F ta fito a farkon 2022, ita ma da cibiyoyi huɗu, amma a wajen wasa wannan i3 ɗin ta yi wa waccan i7 ɗin fintinkau. Lambobin da ke bayan sunan su ne abin dubawa: 3 ɗin da ke farkon 3770 yana nufin zamani na uku, 12 ɗin da ke farkon 12100 kuma zamani na goma sha biyu. Bayan haka, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar firosesar Intel da ke ƙasa da zamani na takwas, ko ta AMD da ta girmi jerin Ryzen 2000. Saboda haka tsohuwar i7 da za a miƙo maka da araha tana iya zama kayan da tun ranar sayensa ya riga ya kai ƙarshen hanyarsa.

Inda ake farawa shi ne allon da za ka yi wasa a kansa da wasannin da kake son bugawa. Ga mai kuɗi kaɗan, abin da ya dace a nema shi ne allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wanda ake kira 1080p, tare da hotuna 60 a kowace daƙiƙa, domin a nan ne ido yake ganin motsi sumul ba tare da tsinkewa ba. Kamfanin EA ya bayyana cewa mafi ƙarancin abin da EA Sports FC 25 yake buƙata shi ne katin girafik, wato kayan da ke zana hoto a allo, GTX 1050 Ti ko RX 570, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai 8GB, da gurbin ajiya na 100GB, sannan ya ba da shawarar GTX 1660 ko RX 5600 XT ga mai son wasan ya tafi yadda ya kamata. GTA V na asali ya zo kwamfuta tun 2015, don haka ba shi da nauyi sosai a ma'aunin yau. Call of Duty ne zai fi matsa wa na'urarka lamba, kuma da shi ya kamata ka auna, domin kwamfutar da ta ɗauke shi za ta ɗauki sauran biyun ba tare da wahala ba.

Mafi girman kason kuɗinka, daga kashi ɗaya cikin uku har zuwa kusan rabi, katin girafik ya kamata ya cinye. Dalili kuwa shi ne rabon aikin da ke tsakanin kayan biyu. Firosesa ita ce ke lissafin inda kowane ɗan wasa yake da inda ƙwallo za ta faɗa, amma katin girafik shi ne ke zana kowane hoto daga farko, ɗigo sama da miliyan biyu a allon 1080p, ya kuma maimaita hakan sau sittin a daƙiƙa ɗaya, da haske da inuwa da ciyawar fili da fuskokin 'yan kallo. A mafi yawan wasanni shi ne ke fara gajiya. Idan ka haɗa firosesa mai tsada da kati mai rauni, firosesar za ta zauna tana jira alhali wasan yana ta tsinkewa, kuɗin da ka ƙara mata kuma ba zai bayyana a allo ba ko kaɗan.

A ganina, katin da ya fi dacewa da mai irin halinka shi ne Radeon RX 6600 na AMD. Ya fito a Oktoba 2021 a kan dala 329, farashinsa ya sauka sosai daga baya, yana da ma'ajiyar hoto ta 8GB, kuma wutar da yake sha ba ta wuce wat 132 ba, abin da yake da muhimmanci ƙwarai ga mai dogaro da janareta ko inbata. Idan ka sami RTX 3060 mai 12GB a farashin da bai yi masa nisa ba, shi ma zaɓi ne nagari, ko da yake yana shan wat 170. RTX 4060, wanda ya fito a 2023 a kan dala 299, ya fi su duka biyun sauri kuma wat 115 kacal yake sha, sai dai yawanci kuɗinsa ya ɗara. Idan aljihu bai kai nan ba, GTX 1660 Super mai 6GB zai buga maka ƙwallo da GTA V lafiya lau, amma a Call of Duty sai ka sassauta ingancin hoto. Akwai kuma Arc B580 na Intel da ya fito a Disamba 2024 da 12GB a kan dala 249, kati ne mai kyau, amma yana buƙatar mazabod, wato babban faifan da ake ɗora dukkan kayan a kansa, mai fasahar da ake kira Resizable BAR, in ba haka ba saurinsa yana raguwa sosai, don haka ba na ba da shawararsa ga wanda zai haɗa shi da tsofaffin kaya.

Kati biyu ne nake so ka yi taka-tsantsan da su. Na farko RX 6500 XT, wanda sunansa ya yi kusa da na RX 6600 har mutum ya zaci ɗan bambanci ne kawai a tsakaninsu. Ba haka abin yake ba. 4GB ne da shi a yawancin samfuransa, layuka huɗu kawai yake amfani da su wajen magana da mazabod, wanda hakan ke shaƙe shi idan mazabod ɗin ta tsohon tsarin PCIe 3.0 ce (PCIe shi ne hanyar da kati ke haɗuwa da mazabod), kuma ba shi da sashen naɗar bidiyo, wato idan kana da burin ɗora wasanka a YouTube ko TikTok zai ba ka wahala. Na biyu RX 580 mai 8GB, wanda ya cika kasuwa da araha. Kati ne da ya yi tashe a zamaninsa, amma tun 2017 ya fito, yana shan wat 185 ya ba ka ƙasa da abin da RX 6600 zai ba ka da wat 132, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa samfurin 2048SP ne, wanda a zahiri RX 570 ne aka sauya wa suna.

Wannan ya kawo mu ga batun kayan hannu, domin na san mafi yawan katunan da za ka gani a titin Beirut a Kano, ko Banex Plaza a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas, waɗanda aka yi amfani da su ne a waje. Sayen na hannu ba laifi ba ne, hasali ma a nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake samun sauƙi, amma ka san cewa kafin Satumba 2022, lokacin da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin kirifto, ɗimbin katuna sun yi shekaru suna aiki dare da rana, daga baya aka kwararo su kasuwa. Irin wannan katin yana iya zama lafiyayye, amma fankokinsa da man da ke ɗauke masa zafi sun sha jiki. Kada ka biya kuɗi sai an ɗora katin a kwamfuta a gabanka. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka tabbatar sunan da ta nuna da girman ma'ajiyar sun yi daidai da abin da ke jikin kwali, sannan ka kunna FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, ko wani wasa mai nauyi na tsawon minti goma sha biyar zuwa ashirin kana kallon allo. Idan ka ga ɗige-ɗige masu launi, ko layuka suna ratsa hoto, ko allon ya yi baƙi ya dawo, ka mayar musu da abinsu. Ka kasa kunne ga fanka ko tana gurnani, ka juya katin ka duba sukurorin baya ko an sha kwance su, ka kuma duba ko akwai tsatsa ko wurin da ya yi duhu saboda zafi. Akwai ma jabun katuna da ake ɗauko tsohon GTS 450 a sauya masa bayanan ciki ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Wata alama da ke saurin tona su ita ce shuɗiyar kafar VGA a bayan katin, domin jerin GTX 10 na gaskiya sun daina fitar da irin wannan siginar da kansu.

A ɓangaren firosesa, hanyar rage kuɗi ita ce ka sayi ta zamanin da ya gabata kaɗan, wadda har yanzu take da ƙarfi. AMD ta ƙaddamar da sabon gurbinta na AM5, wato wurin da ake dasa firosesa a kan mazabod, a Satumba 2022, kuma RAM na DDR5 kaɗai yake karɓa, wanda ya fi tsada, mazabod ɗinsa ma haka. Tsohon gurbin AM4, wanda Ryzen ta fara hawa a 2017, yana amfani da DDR4, kayansa kuma sun wadata sababbi da na hannu. A kansa, Ryzen 5 5600 ita ce zaɓina: cibiyoyi shida, wat 65 a ƙa'ida, kuma sabuwarta tana zuwa da fankarta a cikin kwali, wadda ta isa ga wasa. Ryzen 5 5500 ta fi araha, tana kuma yin aiki, amma rabin ƙaramar ma'ajiyar gaggawa ta 5600 take da shi, wato 16MB a maimakon 32MB, kuma a PCIe 3.0 ta tsaya. Idan Intel ka fi so, i3-12100F ko i5-12400F a kan mazabod mai karɓar DDR4 za su yi maka irin wannan aikin. Ka lura da harafin F, domin ma'anarsa firosesar ba ta da sashen hoto a cikinta, kuma 5600 da 5500 ma haka suke duk da babu F a sunansu. Idan babu katin girafik a jiki, allo ba zai nuna komai ba.

Mazabod ba ta ƙara wa wasa sauri, don haka a nan za ka iya tsuke hannu, muddin ta dace da firosesarka. Ga 5600, B550 ce ta fi, domin tana ba kati damar amfani da PCIe 4.0, kuma RX 6600 mai layuka takwas yana ɗan amfana da hakan. B450 ma tana yi, amma tsofaffin samfuranta ba sa gane jerin Ryzen 5000 sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar da ke cikin mazabod mai tada kwamfuta, saboda haka ka nemi mai shago ya ɗora firosesar ya kunna a gabanka. Ka fifita mai ramukan RAM huɗu da gurbin M.2, inda ake sa ma'ajiya mai sauri, aƙalla ɗaya. Idan na hannu za ka saya, ka san inda siraran alluran haɗi suke: a AM4 a jikin firosesa suke, a LGA1700, gurbin Intel na zamani na goma sha biyu, kuma a cikin gurbin mazabod. Ka haska su da fitilar waya ka karkata su kana dubawa, domin allura ɗaya da ta lanƙwashe tana iya hana RAM aiki ko ta hana na'urar tashi gaba ɗaya.

RAM kuwa 16GB za ka saya, kuma ya zama guda biyu masu 8GB, ba guda ɗaya mai 16GB ba. Firosesa tana da hanyoyi biyu na ɗauko bayanai daga RAM, kuma guda ɗaya yana barin ɗayar hanyar a rufe. DDR4 mai gudun 3200 ya isa. A mazabod mai ramuka huɗu, yawanci a rami na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake sa su, sannan ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, wanda wasu mazabod na AMD ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin zai riƙa tafiya a 2133 ko 2400 alhali kuɗin 3200 ka biya.

Wajen ajiya, ka ɗora Windows da wasanninka a kan SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. Na NVMe ko da na PCIe 3.0 ne yana kaiwa kusan 3500MB a daƙiƙa, na SATA yana tsayawa wajen 550MB, tsohon faifan ajiya mai juyawa (hard disk) kuwa bai cika wuce 200MB ba. Tunda FC kaɗai yana neman 100GB, Call of Duty kuma yana iya cin fiye da haka, 1TB ne ya fi dacewa, amma za ka iya farawa da 500GB ka ƙara daga baya. Idan na hannu ne, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka awannin da ya yi yana aiki da abin da ya rage na lafiyarsa.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi, wato fawa saflai, akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane kaya gwargwadon buƙatarsa. A nan ne mutane suke yawan cutar kansu, domin bayan sun gama sayen kati da firosesa kuɗi ya ƙare, sai su karɓi duk wanda ya zo haɗe da akwatin kwamfuta, mara suna, mara nauyi a hannu, an manna masa takarda mai cewa wat 600 ko 700. Araha ba ta ado, a wannan wurin kuma tana iya jawo hasarar dukkan kayan, domin fawa saflai mara kariya idan ya ƙone yakan tafi da mazabod da kati. Haɗin Ryzen 5 5600 da RX 6600 ba ya kai wat 300 ko da wasa ya yi zafi, saboda haka wat 550 na gaskiya daga sanannen kamfani kamar Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko MSI ya wadatar har da rara. Ka karanta takardar da ke gefensa ka ga adadin da layin 12V yake bayarwa, domin daga nan kati da firosesa suke sha, kuma a fawa saflai nagari wannan adadin yana kusa da jimillar da aka rubuta. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa, amma ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce ita kaɗai. Ka tabbatar yana da wayar kati mai ramuka takwas tasa ta kansa, kada ka yarda a haɗa maka da adafta daga wayar SATA, domin siraran wayoyin nan ba a yi su don ɗaukar wannan nauyi ba kuma suna narkewa. Wannan shi ne kaya ɗaya da nake roƙonka ka saya sabo dal.

Jagororin da ake rubutawa a Turai da Amurka a nan suke tsayawa, amma mu ba za mu tsaya ba, domin wutarmu ba irin tasu ba ce. A ƙa'ida wutar Nijeriya bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take sauka fitila ta yi ja, ta ɗauke ba sallama, ta dawo da ƙarfi, ga kuma sauyawa tsakanin NEPA da janareta. Ka ɗauki kuɗin sitabilaiza ko UPS a matsayin wani ɓangare na kuɗin kwamfutar tun farko. Idan UPS ne, ka duba wat ɗinsa, ba VA kaɗai ba: mai 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, wanda ya yi ƙanƙanta idan aka haɗa da allo, don haka mai 1000VA zuwa sama ya fi kwanciyar hankali. Fawa saflai na zamani sun fi jituwa da UPS ko inbata mai fitar da tsantsar wuta irin ta layi, wasunsu kuma suna mutuwa nan take idan aka sauya su zuwa ƙaramin UPS mai kwaikwayon wutar, saboda haka ka gwada haɗin ta hanyar zare filogi daga bango kana cikin wasa kafin ka amince da shi.

Zafi da ƙura su ma suna cikin lissafi. A Kano daga Maris zuwa Mayu zafi yana kaiwa digiri 40, kuma fanka ba ta iya sanyaya kaya ƙasa da iskar ɗakin da take shaƙa, don haka kwamfutar da ke zaune a digiri 65 a ƙasa mai sanyi za ta haura haka sosai a ɗakinka. Ka zaɓi akwati mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigar da iska da ɗaya mai fitarwa a baya, ka bar mai rufaffen gilashi a gaba komai kyan fitilunsa. Fitilu masu launi ba sa ƙara hoto ko ɗaya. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, kuma a lokacin hunturu, sa'ad da ƙurar ke shiga ko ta ina, ka riƙa buɗe shi duk bayan 'yan makonni kana hure shi da bulowa, kana riƙe fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima.

Za ka iya jin wasu suna cewa ka sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ka sa mata kati. Hanya ce mai araha, amma tana da iyaka: siraran samfuransu suna da ƙaramin fawa saflai na musamman wanda sau da yawa bai wuce wat 240 ba kuma ba shi da wayar kati, akwatin ma gajeren kati kawai yake ɗauka, irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB da ba sa buƙatar ƙarin waya. Ga ƙwallo da GTA V hakan ya isa, muddin firosesar ta kai zamani na takwas, amma kusan babu damar ƙara mata ƙarfi nan gaba.

Idan kuɗin kati bai samu yanzu ba, Ryzen 5 5600G tana da sashen hoto a cikinta, za ta ba ka damar kunna kwamfutar ka buga wasanni marasa nauyi a ƙaramin inganci kafin ka tara na kati, ko da yake ita ma 16MB ce da PCIe 3.0, don haka ba ta kai 5600 ba bayan an sa kati. Ban da wannan yanayin, kada ka riƙa sayen kaya ɗaya-ɗaya kana ajiyewa tsawon watanni, domin 'yan kwanakin gwaji da mai shago zai ba ka za su ƙare kafin ka sami abin da za ka gwada kayan a kansa. Ka tara kuɗin, ka sayi komai cikin mako guda, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya da kwanakin da aka amince za ka iya dawo da shi. Ranar haɗawa, ka sa wayar allo a kafar katin girafik da ke ƙasa, ba a ta mazabod da ke sama ba, sannan ka kunna saitunan tsaro na TPM da Secure Boot a cikin BIOS, domin Windows 11 tana neman TPM 2.0, sababbin wasanni irin su Battlefield 6 da Call of Duty: Black Ops 7 kuma suna neman duka biyun kafin su bar ka ka yi wasa.